Wayar da Radhames Ya Ɗauka

A garinmu San Pedro babu wanda bai san Radhames ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jifan ceto a wasan besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, shi ake kira ya karɓi ƙwallo idan mai jifan farko ya gaji. Aibinsa girman kai. Kullum yana bugun ƙirji, wai bai taɓa buɗe baki ya ce hannunsa na ciwo ba. Da ya zama kocin masu jifa, sai ya ɗora wa kowa wannan hali.

Ni Fausto, ni ke tsugunawa ina cafe musu ƙwallo a shingen da suke ɗuma hannu kafin su shiga fili. Komai a kan idona ya faru.

Akwai wani mai jifa, Dionisio, magidanci mai 'ya'ya biyu, da hannun damansa yake ciyar da gida. A mako guda sau biyar aka tashe shi ɗuma hannu. Ran Lahadi da rana aka sake tashinsa. A jifa na huɗu na ga ya yarfe hannu yana matsa ƙaramin yatsansa. Radhames ma ya gani, kuma wallahi ya san ma'anarsa, domin da haka nasa ciwon ya fara.

"Koci, ba na jin yatsan nan fa," in ji Dionisio.

"Kai, raki! Ko ayabar da matarka ta dafa ce ba ta ishe ka ba? Ni da hannu a kumbure na yi shekara uku ina jifa."

Sai wayar shingen ta yi ƙara, Radhames ya ɗauka. Manajan ƙungiya ne yake tambaya ko Dionisio ya shirya. Radhames ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Garau yake," ya ce.

Aka shigar da Dionisio fili, a jifa na takwas jijiyar gwiwar hannun ta tsinke. An yi masa aiki, amma hannun bai dawo ba. Yanzu acaba yake yi.

Bara muna zaune da Radhames a bakin kasuwa, sai ga Dionisio ya tsaya da babur. Ya miƙo hannun hagu suka gaisa.

"Koci, na daɗe ina so in roƙe ka gafara. Na ba ka kunya rannan. Kai ka jure shekara uku, ni jifa takwas ya gagare ni."

Radhames ya bi shi da ido. Har Dionisio ya ɗauki fasinja ya wuce. Can ya ce mini, "Fausto, a'a kawai ya kamata in ce a wayar nan rannan."

Kunya ta rufe ni. Ni ma ita na kasa faɗa.

Darasin shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa wani ke shan tsiyar. Idan aka ba ka amanar lafiyar mutum, ka faɗi gaskiyar abin da idonka ya gani. Wanda ya gani ya yi shiru, shi ma da hannunsa a cikin laifin.