Sauran Dinya

Kakarmu Gwamma ta rasa sunanta, ta sami tafki. Ni ma mijina ya rasu, kuma ba a taɓa kwarata a ciniki ba, amma wannan labari ba na ba da shi da ɗaga kai.

A zamanin da, shekarar wata babbar yunwa, ɓauna ta kashe mijinta Tunau maharbi. Gwamma ta ƙi roƙon danginsa, ta goya ɗanta ta shiga daji, har ta iske wani tafki. Nan ta ga dinya, manyan agwagin daji, suna cin wata ciyawa a cikin ruwa, mai siririn tsaba ja. Shinkafar daji ce, ba mai shuka ta, da an taɓa ta sai ta zube. Gwamma ta riƙa kaɗa ƙwarya cikin zangarniya, abin da ya faɗa ciki ta dafa.

Mayunwata suka ji labari, suka zo suka kafa bukkoki. Suna yi mata kirari: Gwamma ƙi-roƙo, uwar masu yunwa!

Amma abin da ke zubewa a ruwa ya tsaya mata a rai, balle wanda dinya ke ci. Ta sa aka ɗaure kawunan shinkafar tun suna ɗanyu, aka yanke kaf, aka kori tsuntsayen.

Damina ta dawo, tafki ya cika, ko tsiro ɗaya babu. Ba wanda ya zage ta. Iyaye mata suka ci gaba da durƙusa mata, 'ya'yansu na kukan yunwa a baya. Har ta daina fitowa.

Ranar nan ta lulluɓe fuska, ta bi sawun dinya zuwa wata fadama, ta durƙusa gaban tsohuwarsu.

"Ashe ƙi-roƙo ma tana da gwiwa?" in ji dinya. "Za mu kawo iri. Mu fara ci, abin da ya zube kuma na ruwa ne."

"Albarka," in ji Gwamma. "Mu raba biyu."

"Har yanzu ciniki kike? To, na ƙara. Garin ba zai ci sunanki ba."

Shi ya sa har yau ba ma shiga tafki sai dinya sun tashi, kuma ƙwarya kawai muke kaɗawa. In aka tambaye mu garinmu a kasuwa, murya ƙasa-ƙasa muke amsawa.

An ce daga ƙarshe Gwamma ta ce wa dinya, "Ku fara ci, ruwa ya ɗauki nasa, a kira mu Sauran Dinya. Na sallama."