Manshan a Bakin Komadugu

An yi wani mutum a nan Diffa, dillalin tattasai. Ba zan ɓata bakina da sunansa ba. Allah ya buɗa masa, sai ya je Maiduguri ya dawo da wata kalmar Turanci a baki, wai manshan. Aka tambaye shi ko irin gidan nan da ake kira bila yake nufi. Ya ce, "Bila ta ƙananan ma'aikata ce. Manshan katafaren gida ne, ɗaki ashirin, ba ya haɗa katanga da kowa."

Kun ji girman kai?

Ya zaɓi bakin kogin Komadugu, wai yana son kallon ruwa daga bene. Gidaje tara ne a wurin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wani da zaƙin baki, wani da takardar ƙarya, har ya tashe su. Na ƙarshe shi ne tsoho Manzo, mai lambun albasa, wanda ke kiran gayyar jera buhunan rairayi duk shekarar da kogi ya taso. Yana naɗe tabarmarsa ya ce, "Alhaji, ruwan nan fa mutane ke tare shi." Mutumin ya sa mai gadi ya fitar da shi.

Ya gina abinsa. Duk wanda ya ce "gidanka", sai ya ɗaure fuska ya ce, "Manshan."

Damina ta biyu kogi ya cika ya batse. Da hantsi ruwa ya fara cin gindin katanga. Mutumin ya fito ƙofa yana kururuwa. Wa zai ji? Wa ya bari kusa? Ya ruga sabuwar unguwar waɗanda ya kora, ya tarar da su jiƙe sharkaf suna tare nasu ruwan. Manzo ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Hannunmu bai isa wuri biyu ba, Alhaji. Da can wuri ɗaya ne."

Kafin la'asar benen ya durƙusa. Yau mutumin nan a rumfar leda yake, ba mai tsayawa ya gaishe shi.

Ya 'yan uwa, babban gida ba haramun ba ne. Cin haƙƙin maƙwabci ne haramun, kuma Allah ba ya barinsa. Ina ganin wasunku a sahun gaba suna sunkuyar da kai. Kai da ka fara auna filin marayun da ke bayan gidanka, da kai nake.

Allah ya kiyaye mu da ginin da zai raba mu da mutane. Amin.