Gefen Hoton da Korau Ya Yanke

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Korau mai hoto. Na baya ku ɗan matso, ku saurara da kyau. Kuma tun kafin wani ya ɗaga hannu, ban zo yau in yi fatawa a kan hoto ba, wannan zaman wata rana ne. Halin mutum na zo in ba ku labari.

A bakin kogin garin akwai wani lambu da jama'a ke zuwa shan iska. Da rana ba wani abin kallo ba ne, itatuwan mangwaro ne da kujerun ƙarfe. Amma da an sallame isha'i sai a kunna fitilu, ja da kore da shuɗi, an rarrataya su a jikin rassa, haskensu yana kwanciya a kan ruwa. Ga wata 'yar gada ta katako da aka shafe da farin fenti. Ga masu tsire a gefe, ga mai gasa kifi, ga mai shayi, can kuma wani tsoho yana kaɗa garaya a hankali. Ango da abokansa nan suke zuwa. Wanda ya sayi sabuwar mota nan yake kawo ta. Baƙon da ya shigo garin ya fita bai tsaya a kan gadar nan an ɗauke shi ba, sai a ce bai zo garin ba tukuna.

A lokacin ba kowa ke da kyamara ba. Korau ne mai ɗaukar hoton lambun. Siririn mutum ne marar yawan magana, kyamararsa tsohuwa, an ɗaure marfinta da roba. Amma Allah Ya ba shi ido. Ya san inda zai tsayar da kai hasken fitila ya zuba a fuskarka, ka ga kanka ka ce ashe haka nake. Da daddare ya ɗauka, da safe ya wanke a wani ɗan ɗaki mai duhu a zauren gidansa, da yamma ya kawo wa masu shi. Waɗanda suka fi kyau, mai lambun yakan liƙa su a wani babban allo mai gilashi a bakin ƙofa, duk mai shiga sai ya tsaya ya kalla. Da wannan sana'ar Korau yake ciyar da matarsa Tabawa da 'ya'yansu.

To, a garin akwai wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Jibo, dillalin atamfa, shi ne shugaban 'yan kasuwar garin. A lokacin da duniya take yi da shi, ya taɓa aurar da ɗansa, Korau ya rataya kyamararsa ya je neman abinci. Alhaji Jibo ya hango shi daga cikin rumfa, ya ce ya ɗauko mai hoto daga babban birni, ba ya son tarkace a bikinsa, a fitar da shi. Wani bara ya ingiza shi, ya faɗi a gaban jama'a, gwiwarsa ta kwaile, aka yi dariya. Korau ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi gida.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Aka yi gobara a kasuwa, ta cinye rumfunan Alhaji Jibo ƙurmus. Motoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya, barori suka watse. Amma shi mutum ne mai jin nauyin sunansa. Kullum zai fito da tsohuwar babbar rigarsa ta sha guga, hula a kafe, a gaishe shi ya amsa. Ba wanda ya san akwai ranar da ba a hura wuta a gidansa. Kuma 'yan kasuwa ba su sauke shi daga shugabanci ba, don har yanzu in ya yi magana ana ji.

Wannan shi ne abin da ya tsaya wa wani Alhaji Garbati a wuya. Garbati sabon arziki ne, yana son kujerar, amma duk dukiyarsa in an shiga taro Jibo ake fara miƙa wa hannu.

Ku saurara, nan ne jarrabawar take.

Wata rana Garbati ya shirya walima a lambun, ya gayyaci manyan kasuwa har da Alhaji Jibo. Aka yanka raguna, aka gasa kaji, aka ci aka bari. Jibo ya ɗan taɓa kaɗan, irin cin mai kunya. Da aka tashi zuwa wajen gada don a yi hoto, sai ya ce ƙafarsa tana damunsa, ya zauna. Da ya ga kowa ya ba shi baya, sai ya zaro leda daga aljihun rigarsa, ya fara tattara ragowar naman da aka bari a faranti yana zubawa.

Garbati ya gan shi. Maimakon ya kawar da kai, sai ya ce wa baƙinsa su sauko daga gadar su juyo ta nan, wai hasken ya fi kyau. Ya jera su yadda teburin da Jibo yake zai faɗo a bayansu, ya ce wa Korau ya ja da baya sosai don kowa ya fito. Korau bai lura da komai ba, fuskokin da ke gabansa yake dubawa. Ya danna, haske ya walƙa.

Sai da safe, a ɗakinsa na wanki, hoton yana fitowa a hankali cikin ruwan magani, ya ga abin da ke gefe. Ga Alhaji Jibo a sunkuye, leda a hannun hagu, cinyar kaza a hannun dama, ya waigo, idonsa cike da tsoro. Ko makaho ya shafa zai gane shi.

Kada ku zaci Korau dutse ne. Gwiwarsa ta tuna masa. Dariyar nan ta dawo masa a kunne. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da shi yana cewa: ai ba kai ka ƙirƙira ba, gaskiya ce kyamara ta ɗauko, kuma mai hoto ya biya, ka ba shi kayansa, ina ruwanka. Kun ji yadda yake zuwa, ko? Ba ya ce maka yi zalunci. Cewa yake ai gaskiya ce.

Korau ya daɗe a tsaye yana kallon hoton. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ledar. Ya ce a zuciyarsa, wanda yunwar cikinsa kaɗai ta dame shi a wurin zai ci ya ƙoshi. Mai zubawa a leda, akwai waɗanda ke jiransa a gida. Sai ya sake wanke wani hoton, ya yanke gefen, baƙi suka fito tsaf, babu tebur babu Jibo. Sannan ya ɗauki na farkon da fim ɗin da aka wanko shi daga ciki, ya fita tsakar gida inda Tabawa take dama koko, ya jefa su a murhu. Ta tambaye shi mene ne, ya ce aiki ne da ya ɓaci.

Da yamma ya kai wa Garbati hotonsa. Garbati ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce ina sauran. Korau ya ce duk wanda ya tsaya a ɗauke shi yana ciki. Garbati ya ja shi gefe, ya sassauta murya, ya ce shi cikakken yake so, a liƙa a allon bakin ƙofa ko na yini ɗaya ne. Ya yi masa alkawarin sabuwar kyamara irin ta birni, da shago a bakin titi mai ɗauke da sunansa. Ya kuma tuna masa abin da Jibo ya yi masa ranar biki, don shi ma yana wurin.

Korau ya ce, "Alhaji, Allah Ya ƙara arziki. Mutanen da ka ce in ɗauka na ɗauka, ga su nan. Wancan bawan Allah bai ce in ɗauke shi ba."

Garbati ya ce to ya kawo fim ɗin, shi zai kai a wanke masa a wani wuri.

Korau ya ce, "Wuta ta ci shi tun da safe."

Garbati ya juya. Ya wuce wurin mai lambun, ya ce mai hotonsa ya yi masa rashin kunya, ko dai a kore shi ko shi da jama'arsa sun bar zuwa. Mai lambun ya san wa ke cika masa tebura. Ya kira Korau ya ba shi haƙuri, ya ce daga yau ya nemi wani wurin.

Jama'a, ku duba fa. Kalma ɗaya zai faɗa wa mai lambun, ya ce ga abin da aka nema a wurina na ƙi, wataƙila a bar shi. Amma in ya faɗa, ya tona abin da ya ƙona. Sai ya yi godiya, ya rataya kyamararsa ya fita ta ƙarƙashin fitilun da ya yi shekaru yana aiki a cikin haskensu.

Ya koma tashar mota, ya kafa wani jan ƙyalle a jikin bango, yana ɗaukar hoton fasfo a cikin rana da hayaƙin motoci. Samu ya ragu ƙwarai. Tabawa ta tambaye shi laifin da ya yi a lambu, ta sake tambaya, har ta yi fushi. Amsarsa ɗaya ce, rabonsa a can ya ƙare. Matar da suke kwana ɗaki ɗaya, bai gaya mata ba.

Shi kuwa Garbati da ya rasa hoto sai ya koma yaɗawa da baki. Amma baki ba shaida, mutane suka ce hassada ce, kujera yake nema. Wasu masu son jin ƙwaƙwaf sukan biyo Korau har tasha su ce, wai da gaske ne ka ɗauki Alhaji Jibo yana kaza da kaza? Sai ya gyara ƙyallensa ya ce, "Fasfo za a yi maka ko na tsaye?" Haka maganar ta yi ta yawo har ta gaji ta mutu.

Amma ta kai kunnen mai ita, Alhaji Jibo. Shi ya san gaskiya ce, don ya ga walƙiyar hasken a daren, kuma tun daga ranar bai yi barcin kirki ba, kullum yana jiran a ce an liƙa shi. Wata rana da hantsi ya zo tasha, ya zauna a kan bencin Korau kamar mai son fasfo. Suka gaisa. Can ya ce, "Malam Korau, ka gane ni?"

"Na gane ka, Alhaji."

"An ce akwai wani hoto."

Korau ya ce, "Alhaji, hoton da bai yi wa mai shi kyau ba, ba na barinsa ya kwana. Ka kwantar da hankalinka."

Dattijon nan ya sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan rigarsa. Ya kama hannun Korau ya ce ya yafe masa abin da ya yi masa ranar bikin ɗansa. Korau ya ce ya yafe, shi ma akwai abubuwan da Allah Ya rufa masa waɗanda in an baje su a kasuwa ba zai iya fita ba. Ya aika aka kawo musu ruwan sanyi, suka sha, suka koma hirar damina.

Za ku so in ce muku daga nan Korau ya yi arziki. Bai yi ba. A tashar nan ya tsufa, da rufin asirinsa daidai gwargwado, bai taɓa kwana da yunwa ba, bai kuma taɓa gina bene ba. Alhaji Jibo ma bai koma kamar da ba, sai dai Allah Ya buɗa masa ɗan abin da ya riƙe gidansa, ya sauka daga shugabanci da kansa cikin mutunci.

To ta yaya labarin ya fito har ya iso gare mu? Ranar da Korau ya rasu, bayan an rufe shi an yi addu'a, jama'a za su watse, sai Alhaji Jibo ya dogara sandarsa ya ce a dakata. Ya faɗi komai da bakinsa, ledar da naman, da yadda ya baro yara a gida tun jiya ba su ci ba. Ya ce da hoton nan ya hau allo, da shi da iyalinsa sun bar garin cikin dare. Ya ce, "Na kunyata mutumin nan a gaban jama'a, shi kuma ya rufa mini asiri a inda ba mai ganinsa sai Allah. Ya rasa wurin cin abincinsa saboda ni, bai taɓa yi mini gori ba. Ku shaida." A ranar Tabawa ta san abin da ya fitar da mijinta daga lambu.

'Yan uwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Korau hoto ɗaya aka jarrabe shi da shi. Mu fa? Yau kowannenmu yana da kyamara a aljihu, kuma allon da muke liƙawa duk duniya ke kallo. Mutum ya faɗi a titi, kafin a ɗaga shi an ɗauke shi. Mata da miji su yi saɓani, maƙwabci ya leƙo da waya. Ka kai wa mabuƙaci buhun shinkafa, sai ka sa shi ya riƙe ka ɗauka. A turo maka abin kunyar wani, ka ce ai ba ni na ɗauka ba, ka tura gaba.

Ku saurara, wannan ita ce maganar. Kasancewar abu gaskiya bai ba ka izinin yaɗa shi ba. In asirin ɗan uwanka ya faɗo hannunka, amana ce aka ba ka, ko da kuwa ya taɓa cutar da kai. Yau in kun koma gida, kowa ya buɗe wayarsa ya duba. In akwai kunyar wani a ciki, ka goge ta kafin ka kwanta, don ba ka san ranar da taka za ta faɗa hannun wani ba.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu zama masu rufa wa wasu.