Lemar Baba da Gwangwanin Barkono

Akwai wata mai ɗinki, 'yan uwa, da kekenta ke cikin falon gidan da suke haya. Mijinta direban babbar mota ne. In ya kama hanya sai ya daɗe bai leƙo gida ba, daga ita sai jaririyarsu.

Da ɓarayi suka shiga wani gida a layinsu, hankalin direba ya tashi. Ya dawo da doguwar wuƙa cikin kube, ya ɗora mata a kan keke.

"Ga wannan. Duk wanda ya shigo miki, kada ki tsaya tambaya."

Ta kalli wuƙar, ta kalle shi. "Haba maigida! Ni da ko kaza ake yankawa sai na kau da kai?"

"Wasa kike yi da ranki."

"Ba wasa nake ba. Ina son abin da zan iya riƙewa hannuna bai yi rawa ba. In kuma na yi kuskure, ya zama kuskuren da ake iya gyarawa."

Ya yi ƙorafinsa ya gaji, suka tafi kanti tare. Ta tambayi abin da doka ta yarda mutum ya riƙe, sannan ta zaɓi ɗan gwangwanin feshin barkono da usur. Mai kanti ya ce mata, "Wannan ba na faɗa ba ne. Ki fesa, ki busa, ki gudu."

Da suka koma gida, direba ya ce shi zai koya mata. Ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci iska, ya danna. Wayyo! Iska ta dawo masa da kayansa. Ya zauna daɓas yana tari yana hawaye, ita kuwa tana kwarara masa ruwa tana dariya har da riƙe ciki.

"Sannu, malam mai koyarwa. Kada ka murza, buɗe idon."

Duk da haka bawan Allah bai haƙura ba. Ranar da zai tafi, ya lallaɓa ya sa wuƙar a durowar keken, kusa da gwangwanin. Ta gani, ta bar wuƙar a wurin, don ba ta son su rabu da cacar baki.

Wata rana da la'asar ana tafka ruwan sama. Tana kan keke, jaririya na barci a ɗaki. Wata da ta zo karɓar ɗinki ta fita, ita kuma ta manta ba ta sa sakata ba.

Tana ɗaga kai sai ta ga mutum a cikin falo. Dogo ne, sanye da baƙar rigar ruwa, hular ta rufe masa fuska. Akwai wani abu mai tsini a hannunsa, kuma ɗakin da 'yarta ke kwance ya nufa.

"Kai! Wane ne? Tsaya!"

Ko waigowa bai yi ba. Ya kai hannu ga labule.

Ta fizgo durowa. Wallahi abin da hannunta ya fara taɓawa, wuƙar ce. Uwa ce, 'yarta na bayan labulen nan, zuciyarta na ce mata ɗauka kawai. Amma ta ture wuƙar, ta ɗauki gwangwanin. Ta sha gabansa, ta fesa, ta shige ɗaki ta suri 'yarta, ta fito waje a guje tana busa usur.

Nan da nan maƙwabta suka fito, wasu da sanduna. Sai suka ji murya daga ciki, murya mai rawa, ta tsoho. "Idona! Uwar gida, kina ina? Na kawo miki lema."

Ta leƙa. Hular ta zame. Dattijo ne, kansa fari fat, ya durƙusa yana laluben ƙasa. Abin nan mai tsini kuwa lema ce a naɗe.

Wani ya ɗaga sanda. Ta miƙa wa maƙwabciya jaririyar, ta tsaya a gaban tsohon. "Kada wanda ya taɓa shi!"

Ta kama hannunsa ta fito da shi baranda inda iska ke kaɗawa. Ta ɗauko buta.

"Baba, kada ka murza. Sannu Baba, buɗe idon a hankali. Ka yafe mini."

Tana zuba ruwa, nata hawayen na zuba. Tausayi ya cika ta.

Ana cikin haka sai ga wata mata a guje, ba takalmi, ta jiƙe sharkaf. 'Yarsa ce. Ta ce a gidan nan iyayenta suka yi zaman aurensu, a ɗakin nan aka haife ta. Mahaifiyarsu ta rasu, shi kuma mantuwa ta kama shi, kunne ma ya yi nauyi. Duk sanda hadari ya haɗu sai ya ɗauki lema ya ce zai kai wa matarsa, kada ruwa ya dake ta a hanyar kasuwa. Yau sun ɗan yi sakaci, ya fice.

Idon Baba ya washe kafin magariba, ya koma gida da ƙafarsa.

Direba ya dawo ya ji labari. Ya buɗe durowa, ya zaro wuƙar, ya tsura mata ido.

"Da kin bi maganata fa?"

"Da yanzu ba ni da barci har abada, kai ma haka."

Ya fitar da wuƙar daga gidan a ranar. Washegari ya kira kafinta ya sa wa ƙofar sakata mai rufe kanta.

Yanzu 'yar Baba kan kawo shi lokaci-lokaci, ya zauna a falon yana jin ƙarar keke. Bai tuna abin da ya faru ba. Amma duk sanda zai tafi, sai ya miƙa wa mai ɗinki lemarsa ya ce, "Riƙe, 'yata, kada ruwa ya dake ki."

Darasi: Kare kanka da iyalinka haƙƙinka ne, amma tsoro ba ya barin ido ya gani da kyau. Ka zaɓi abin da zai ba ka damar tsira ba tare da ka ɗauki rai ba, ka koyi amfani da shi tun kafin ranar buƙata, kuma ka riƙa sa sakata. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu zama su kaɗai a gida.