Bahago da Maɗatan Bakin Ganuwa

A unguwar Kwarbai ta Zariya an yi wani maɗinki mai suna Bahago. Hannunsa na da kyau a kan keke, amma zuciyarsa ba ta jure a yabi wani a gabansa.

Daga gefen ganuwa akwai wani ɗan kurmi da mahaifinsa, marigayi Malam Tanko, ya raya. Tun da tsohon ya rasu Bahago bai taɓa taka wurin ba. Maƙwabcinsu Malam Jalo, wanda ya yi ritaya daga aikin gandun daji a 1986, shi ya ɗauki wahalar. Ya share 'yar hanyar da ta ratsa kurmin, ya hana masu itace sara. Dattawa suka riƙa zuwa shan iska bayan la'asar, har sunan wurin ya koma Kurmin Jalo.

Wannan suna ya tsaya wa Bahago a maƙogwaro. Haushi yake ji sosai. Kullum yana faɗa wa matarsa Batulu cewa an binne sunan ubansa, ita kuwa takan ce ai tsintsiya ba ta da tsada, ya saya ya je ya yi sharar. Bai je ba.

A Zariya kowa na sassaƙar maɗaci don ciwon ciki, amma da ƙa'ida: gefe ɗaya ake ɗiba, a shafe wurin da laka. Bahago ya san haka. Ya zaɓi maɗatai biyar na bakin hanya, waɗanda aka fi yabon Malam Jalo a kansu, ya fake da neman magani, ya zagaye kowanne da gatari har ɓawon ya rabu. A tunaninsa in shukar Jalo ta mutu, sunan Tanko zai dawo.

Damina ta sauka, itatuwan ba su yi toho ba. Hanya ta zama rana tsagwaronta, dattawa suka daina zuwa.

Malam Jalo ya same shi a shago, bai ɗaga murya ba.

"Bahago, masu kiwo sun gan ka. Ni ban shuka komai a wurin nan ba, shara kawai nake yi."

"To wa ya shuka su?"

"Babanka. Duk haihuwa sai ya dasa ɗaya, ku biyar. Na tsakiyan nan naka ne, ni na riƙe masa tulun ruwa ran sunanka."

Bahago ya tafi kurmin da laka cike da bokiti, yana shafa wa busassun itatuwa yana hawaye. Ko ɗaya bai farfaɗo ba.

Darasin shi ne, mai hassada ba ya tsayawa ya tambaya, kuma sau da yawa nasa yake ɓatawa. In ka ga wani yana kula da abin da ka yi sakaci da shi, ka gode masa, ka sa hannu ku yi tare.