Furannin da Auta Yake Sharewa

Akwai wani tela wanda ba ya yarda da abu sai ya auna shi. Tef ba ya barin wuyansa, har matarsa kan tsokane shi da cewa wata rana zai auna abincin da ta zuba masa.

Shi da ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta, sun gaji fili a bayan gidansu. Mahaifinsu ya raba musu shi tun yana raye, lokacin tela yana wani gari yana koyon ɗinki. Da ya dawo, turken ƙarfe kawai aka nuna masa a tsakiya. Daga baya ya gina shagon ɗinki a ɓangarensa, Auta kuma yana noman kayan lambu a nasa.

Abu ɗaya ne ya hana tela sukuni. Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka, Auta zai ɗauki fartanya ya tsallako turken, ya kankare ƙasa a ɓangaren yayansa, daga katangar baya har jikin shago, sannan ya zagaya ɗaya gefen shagon ya ci gaba. Ba ya share ko'ina sai wannan layin.

Wata safiya tela ya leƙo ta taga ya ce, "Auta, me kake nema a wurina?"

"Ciyawa nake share maka, Yaya, kada maciji ya samu maɓoya."

"Macijin a layi yake tafiya?"

Auta ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Dariyar ce ma ta fi damun tela. Ya ce wa matarsa, "Shaida yake kafawa. Gobe in na mutu, zai ce wa 'ya'yana kowa ya san nan yake nomawa."

Ta ce, "Mutumin da ke aiko mana da tumatir kullum?"

"Shi ya sa nake tsoron tumatirin."

Tun daga nan tela ya fara lura da komai. In Auta ya daɗe a ɗakin mahaifiyarsu, sai ya ce shirya ta yake yi. In ya gaishe shi da fara'a, sai ya ce da wata manufa. Ya daina cin abinci tare da shi, ya hana yaransa shiga lambun. Ƙarshe ya sa aka sauke bulo, ya ce katanga zai ja daga turken har ƙarshen fili, ba ƙofa.

Mahaifiyarsu, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta daɗe ba ta leƙa filin ba, ta kira shi ta ce, "Katanga tsakaninka da wanda ya sha nonon da ka sha?"

"Mama, ba ki san abin da yake ƙullawa ba."

"Kai ka sani?"

"Ina gani da idona."

Ana saura kaɗan magina su fara aiki, Auta ya faɗo daga tsani ya karye a ƙafa. Yana kwance aka yi ruwan farko. Ya aika wa matar tela cewa don Allah a samu wanda zai share layin nan. Da tela ya ji, ya ce, "Kin gani ko? Yana kwance ma bai haƙura ba. Kada wanda ya taɓa wurin."

Bayan 'yan kwanaki, tela ya fito zai buɗe shago, ya tsaya cak. Wasu fararen furanni sun fito daga ƙasa a layi ɗaya, miƙaƙƙe kamar ɗinkin keke. Sun taso daga katangar baya, sun shige ƙarƙashin shagonsa, sun ɓullo ta ɗaya gefen.

Zuciyarsa ta ce Auta ne ya binne wani abu. Ya je ya riƙo hannun mahaifiyarsa, ya kawo ta a hankali don ta ga abin da ɗanta yake aikatawa.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon furannin, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Na babanku ne. Ranar da ya raba filin nan ya binne irinsu a kan iyaka, ni na riƙe masa igiya. Ya ce turke ana iya tuge shi, amma waɗannan duk damina za su fito su faɗi gaskiya." Sai ta dubi turken, ta dubi shagon. "To me ya kai turken can?"

Tela ya zare tef ɗinsa ya auna, ya sake aunawa. Kusan rabin shagonsa a kan filin Auta yake.

Ya shiga ɗakin ƙaninsa ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Sun fito."

Auta ya rufe ido. "Na ce a share su."

"Tun yaushe ka sani?"

"Lokacin ginin shago motar yashi ta tuge turken, magina suka kafa shi inda suka ga dama. Ban lura ba sai da gini ya kai rufi. Na san halinka, Yaya. In ka gani, rushe shagon za ka yi, kuma da shi kake ciyar da yara."

Tela ya sunkuyar da kai. "Ni kuma ina can ina ƙirga maka laifi. Ka yafe mini. Zan auna daidai abin da na ci, in mayar maka daga ƙarshen filina."

"Na yafe. Amma ka ajiye tef ɗin nan, kada ka auna mini ƙafa ka ce ta fi ɗayar tsawo."

Tela ya yi dariya, hawaye na zuba. Bai fasa mayar da haƙƙin ba, kuma bulon katangar da shi aka gina wa lambun Auta wurin tara ruwa.

Da damina ta zagayo, Auta ya ɗauko fartanya kamar yadda ya saba. Yayansa ya leƙo ta taga ya ce, "Bar su. Ina so in riƙa ganinsu kowace shekara."

Darasi: Allah ya sanya alamomi a ƙasar da muke takawa domin mu shiryu, kuma yadda yake raya ta da ruwa ya fito da abin da aka binne, haka zai fito da abin da ke cikin zukata. Kada ka gina katanga a kan zato, domin wanda kake zargi wataƙila asirinka yake rufawa. Ku tura wa 'yan uwa, ko Allah zai sa wani ya fasa tasa katangar.