Ranar da Walƙiya Ya Ƙi Jan Igiyar Ƙararrawa

Akwai wata baiwar Allah, jama'a, da take shugabantar masu gwaji a wani kamfanin haɗa manhajar waya. Aikinsu shi ne idan masu rubuta manhaja sun gama, su karɓa su latsa nan su latsa can, su nemo inda take da matsala kafin ta kai hannun mutane. Saboda yawan cewa "a dakata tukuna", duk kamfanin Anti Dakata suke ce mata. Ba don ƙauna aka laƙaba mata sunan ba, amma ta karɓe abinta, har amsawa take yi.

Kamfanin nan yana da wata al'ada. A babban ɗakin masu rubutu an rataye ƙararrawa mai jar igiya. Duk wanda ya gama ɓangarensa sai ya miƙe ya ja igiyar, a ɗauki tafi, Mai Kamfani ya leƙo daga ofishinsa ya jinjina masa. Sai an gama shagali ake tura aikin ɗakin baya, wani ɗan ƙuƙumin ɗaki mai fanka mai ƙara, inda aka ajiye masu gwaji.

To ku duba min wannan lamari don Allah. Mutum an tafa masa da safe, da yamma wani ya zo ya ce masa aikinka da gyara. Ai dole ya ga baƙinsa! Shi ya sa ake kiran masu gwaji 'yan ɓata biki. Idan sun yi tambaya a amsa musu a daƙile, idan sun shigo ɗaki a juya musu ƙeya.

Wanda ya fi kowa jan igiyar nan shi ne wani da ake kira Walƙiya, saboda saurin hannunsa. Gwani ne, wannan ba a ƙwace masa. Amma fa kansa ya kumbura, gani yake aikin da ya fito daga hannunsa ya fi ƙarfin a duba.

Rannan Mai Kamfani ya kira Anti Dakata ofis. Ya ce an samu sabon aiki daga wani mai shagunan magani: manhajar da za ta dinga tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani.

Sai ya gyara zama ya ce, "Anti, ba zan ɓoye miki ba. Aikin da ya wuce kun riƙe shi har ya wuce lokaci, kuma duk da haka sai da matsala ta ɓulla a hannun mutane. Idan aka gama wannan ban ga amfanin ɗakinku ba, rufe shi zan yi. Masu rubutu su dinga gwada abinsu."

Ba kanta ta fara tunawa ba, mataimakinta ta tuna, Baban Biyu, wanda tagwayensa suka shiga makaranta a wannan shekarar. Amma ba ta yi magiya ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Amma aikin nan kullum a ƙurarren lokaci yake zuwa mana, ba mu san abin da mai shi ya ce yana so ba. A mayar da teburanmu babban ɗaki. A bar mu mu zauna a taron farko. Ita kuma ƙararrawa, kada a buga sai mai rubutu da mai gwaji sun yarda tare."

Ya yi dariya. "Tebur da taro na ba ki. Ƙararrawa kuwa, je ki shawo kan Walƙiya in kin iya."

Washegari suka kinkimo teburansu. Walƙiya ya ɗago kai ya ce, "Ikon Allah! Yau 'yan ɗakin baya ne a falo? A dai yi hankali da wayoyin wuta, ba irin na can ba ne." Aka kwashe da dariya.

Abin ya yi mata ciwo, wallahi ya yi mata. Ta haɗiye, ta ce, "Ina kwana, Walƙiya," ta ajiye teburinta daf da nasa. Kullum sai ta gaishe shi, ko ya amsa ko ya yi kamar bai ji ba. Maganar ƙararrawa kuwa da ta ɗauko, cewa ya yi, "Anti, igiyar nan ta masu aiki ce."

A taron farko, mai shagunan magani yana ta bayani, sai ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, tsofaffin da za su yi amfani da ita, yaya suke riƙe wayarsu?"

Ya ce, "Kin yi tambaya. Da yawansu kashe ta suke yi don kada caji ya ƙare, sai sun ga dama su kunna."

Walƙiya ya ja ɗan tsaki, ya ce ana ɓata lokaci. Ita kuwa maganar ta zauna mata, don a gidanta akwai irinsu. Mahaifinta yana wurinta, yana shan maganin hawan jini. Da ya gama magana a waya sai ya kashe ta ya tura ƙarƙashin matashi. Ta yi faɗa har ta gaji, shi dai amsarsa ɗaya: "Ke bar ni, cajin zubewa yake yi." Ga mantuwa ta fara kama shi, abin da aka ce masa ya yi shi yake yi.

Aiki ya yi nisa. Zaman ɗaki ɗaya ya fara amfani, don wasu masu rubutun sukan juyo su ce, "Anti, ɗan duba min nan," a gyara abu tun yana ƙarami ba wanda ya ji. Walƙiya ne kaɗai ya riƙe nasa ɓangaren gam, wanda yake sa wayar ta yi ƙara idan lokacin magani ya yi. Sai ana gobe za a nuna wa Mai Kamfani sannan Walƙiya ya sake shi ga masu gwaji.

Anti Dakata ta miƙa wa Baban Biyu wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Ta ce, "Idan ta yi ƙara ka danna inda ke nuna an sha magani. Sai ka kashe ta, ka sake kunnawa."

Ya yi yadda ta ce. Wayar tana dawowa sai ta ɗauki ƙara, rubutu ya fito ɓaro-ɓaro: lokacin shan magani ya yi. Ya sake, ta sake. Ta mance sam cewa an sha.

Baban Biyu ya ja ta gefe, idonsa har ƙyalli yake. Ya rage murya ya ce, "Anti, Allah ya kawo mana mafita! Kada ki ce komai. Ki bari gobe ya ja igiyarsa, a gama tafi, sai mu fito da wayar nan a gaban Mai Kamfani. A nan kowa zai san amfaninmu."

Kada in yi muku ƙarya, zuciyarta ta so. Ta tuna dariyar ranar da suka kawo tebur, ta tuna tsakin nan.

Sannan ta ce, "A'a. In muka yi haka, gobe mun ci. Jibi kuma ba wanda zai ƙara nuna mana aikinsa a ɗakin nan, kowa ɓoyewa zai yi. Wata matsalar ta wuce mu, uban wani ya sha magani sau biyu."

Ya ce, "To idan aka gyara a ɓoye, wa zai san mu muka kama? 'Ya'yana fa, Anti?"

Ta dai ɗauki wayar, ba ta fasa ba.

Ta jira aka fita cin abincin rana, ɗaki ya rage Walƙiya shi kaɗai. Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta kashe wayar ta kunna. Ƙarar ta cika ɗakin. Ya karɓa ya gwada da kansa, sai ga gumi a goshinsa duk da sanyin ɗakin.

Ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni, da Baban Biyu, da kai."

Ya kalle ta a ɗarare. "Me kike so in yi miki?"

"Ka gyara. Shi ke nan."

Da yammar nan Baban Biyu ya zauna a gefensa, fuska a murtuke, yana kashe waya yana kunnawa har babban yatsansa ya yi ja. Walƙiya ya gyara, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Anti tana tsaye a kansu tana cewa, "A sake." Kafin a tashi daga aiki wayar ta yi shiru, ta riƙe cewa an sha magani.

Da safe aka taru a babban ɗaki. Aka nuna manhaja daga farko har ƙarshe, ba inda ta yi tuntuɓe. Mai Kamfani ya washe baki.

Ya juyo ya ce, "Kin gani ko, Anti? A wannan karon ko matsala ɗaya ba ku kawo min ba. Aiki ya fito tsaf daga hannun masu shi. Abin da nake faɗa ke nan. Ki same ni a ofis anjima." Sai ya ɗaga murya, "Walƙiya, ja mana igiya!"

Baban Biyu ya sunkuyar da kai. Wayar tana cikin jakar Anti Dakata, kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kansu, amma ta danne bakinta.

Walƙiya ya taka har gaban ƙararrawa. Ya kama igiyar, mutane sun ɗaga hannu za su tafa. Sai ya sake ta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata tukuna."

Aka fashe da dariya, an ɗauka tsokanar Anti yake yi. Da aka ga bai yi dariya ba, ɗaki ya yi tsit.

Ya ce, "Jiya war haka, manhajar nan tana sa mara lafiya ya sha magani sau biyu, kuma daga ɓangarena ne. Su suka kama. Da sun so, da yanzu ina tsaye a nan ina jin kunyar da ban taɓa ji ba. Ba ka ga matsala ba ne don sun tare ta kafin ta iso gare ka. In ka rufe ɗakinsu, ni dai ba zan ƙara yarda in taɓa igiyar nan ba."

Ya juya ya ce, "Baban Biyu, zo ka kama min."

Mai Kamfani ya juya ya kalli Anti. Ya ce, "Kin san za ki iya rasa aikinki, kika yi shiru?"

Ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Ya girgiza kai. "Maganar ofis a bar ta. Ɗakin baya a zuba tsofaffin kujeru a ciki, ku kun zauna a nan ke nan. Ƙararrawa kuma daga yau yadda kika ce."

Baban Biyu ya taso, ya ɗora hannunsa a kan na Walƙiya. Suka ja tare. Tafin da aka yi ranar har masu shagunan ƙasan bene sai da suka leƙo.

Da Anti Dakata ta koma gida ta tarar da mahaifinta ya gama waya, yana ƙoƙarin kashe ta. Ya ɗago a shirye da faɗan da ya saba sha.

Ta durƙusa ta gyara masa matashi, idonta ya ciko. Ta ce, "Kashe abarka, Baba. Mun yi maganin wannan."

Darasi: Masu duba aiki ba abokan gaba ba ne. Wurin aikin da yake so ya ci nasara ya zaunar da mai yi da mai dubawa wuri ɗaya tun daga farko, shugaba ya tsaya musu, kuma kada a mayar da gano kuskure abin kunyata mutum. In ka kama kuskuren abokin aikinka, ka kai masa don a gyara, kada ka ajiye shi don ranar ramuwa. Ku tura wa shugabanku da abokan aikinku wannan labari, musamman wanda kuka san da igiya a ofishinsu.